Shin Kofanikus satar aikin malaman Musulmi ya yi?

Wani ɗalibi mai karatun lissafi ya aiko da wannan tambaya: "Malam, a makaranta an koya mana cewa Nikolas Kofanikus ne ya gano duniya ce take kewaya rana. Sai kuma na ji ana cewa ba haka ba ne, aikin malaman Musulmi ya sace, Turawa suka naɗa masa rawani. Wane ne mutumin nan, kuma wace magana ce gaskiya?"

Ɗan'uwa, maganganun nan biyu kowacce akwai ƙamshin gaskiya a cikinta, kuma kowacce an ƙara mata gishiri. Wasu daga cikin dabarun lissafin da Kofanikus ya gina tsarinsa da su an riga shi ƙirƙiro su a Maraga ta Iran da Dimashƙa ta Sham da shekaru 150 zuwa 250, kuma hujjar cewa sun iso hannunsa tana da ƙarfi ƙwarai. Amma a ɗauke duniya daga tsakiya a ajiye rana, a kuma fitar da jerin taurari da nisansu daga wannan canji, wannan babu shi a littattafan waɗancan malamai. Nasa ne.

An haife shi ranar 19 ga Fabrairu, 1473, a garin Torun da ke ƙarƙashin sarautar Foland. Mahaifinsa ɗan kasuwa ne, ya rasu yaron yana da kimanin shekara 10, sai kawunsa Lucas Watzenrode ya ɗauke shi. Kawun nan ya zama bishop na yankin Warmia a 1489, kuma shi ne ya shimfiɗa masa hanya gaba ɗaya. Ya shiga jami'ar Krakow a 1491, ya tafi Italiya a 1496 ya karanta dokokin coci a Bologna, ya karanta likitanci a Padua daga 1501, ya karɓi digirin dakta a dokokin coci a Ferrara a 1503. A Bologna ya zauna tare da malamin falaki Domenico Maria Novara yana taya shi duban sama, kuma a ranar 9 ga Maris, 1497, suka ga wata ya rufe tauraron Dabaran. Ka riƙe waɗannan shekaru na Italiya, za su yi mana amfani a gaba.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, bai taɓa cin abinci da ilimin falaki ba. Ɗan majalisar babbar cocin Frombork ne, aikinsa kula da filaye da haraji da asusun coci, yana kuma duba marasa lafiya. Lokacin yaƙin Foland da mayaƙan Teuton, wata ƙungiyar Jamusawa mayaƙan addini, tsakanin 1519 da 1521, shi ya shirya tsaron ganuwar Olsztyn. Har rubutu ya yi a kan kuɗi, wanda ya kammala a 1526, inda ya ce idan aka bar tsabar kuɗi iri biyu suna yawo a kasuwa, ɗaya mai cikakkiyar azurfa ɗaya kuma gauraye, jama'a za su ɓoye mai kyan su riƙa kashe gurɓataccen, kuma yawan buga kuɗi yana karya darajarsu. Falaki aikin dare ne a wurinsa. Babu madubin hangen nesa a zamaninsa, sai a 1608 aka ƙera shi. Kayan awonsa na katako ne, kuma awon da ya yi da kansa ya sa a littafinsa bai wuce 'yan gomiya ba. Ƙarfinsa a alƙalami yake, ba a ido ba.

Ba za ka gane batun aro ko sata ba sai ka san matsalar da ake fama da ita. Ban da rana da wata, akwai taurari biyar masu yawo da ido ke gani: Uɗaridu, Zuhura wadda mu Hausawa muke kira Zara, Mirrihu, Mushtari da Zuhalu. Idan ka bi Mirrihu dare bayan dare za ka ga yana matsawa gabas a tsakanin sauran taurari. Amma duk bayan kimanin wata 26 sai ya tsaya, ya juya yamma na wata biyu da 'yan kwanaki, sannan ya ci gaba da tafiyarsa ta gabas, kuma a daidai lokacin ja da bayan nan ne ya fi haske. Baɗlamus, masanin falaki wanda ya rubuta littafinsa Almajisti a Iskandariyya wajen shekara ta 150, ya warware wannan da da'ira a kan da'ira. Tauraron yana zagaya ƙaramar da'ira, ita kuma tsakiyar ƙaramar tana bin babbar da'ira da ta kewaye duniya. Idan juyin biyu suka saɓa wa juna sai a ga kamar tauraron ya koma baya.

Wannan bai isa ba, domin taurarin ba sa tafiya da sauri iri ɗaya. Sai Baɗlamus ya gusar da duniya kaɗan daga tsakiyar babbar da'irar, ya kuma ƙago wani ɗigo a ɗaya ɓangaren, nisansa daga tsakiya daidai da nisan duniya. Ya ce daga wannan ɗigo ne kawai za a ga tafiyar tana gudana bai ɗaya, babu sauri babu jinkiri. Mu kira shi ɗigon daidaito. Lissafi ya fita da kyau, hasashe ya yi kusa da abin da ake gani a sama. Sai dai masana na wancan zamani sun ɗauka falakai ƙwallaye ne na haƙiƙa masu ɗauke da taurari, kuma ƙwallo mai jiki ba zai iya juyawa bai ɗaya a kan wani sanda da bai ratsa tsakiyarsa ba. Wato abin da ke aiki a takarda ba zai yiwu a sama ba.

Malaman ƙasashen Musulmi ne suka fi kowa ɗaukar wannan cikas da zafi. Ibn Haisam, wanda ya rasu a Alƙahira wajen 1040, ya rubuta littafi sukutum na shakku a kan Baɗlamus. Shi suka ya yi, bai kawo madadi ba. Madadin ya zo ne daga malaman da suka taru a cibiyar duban taurari ta Maraga, a arewa maso yammacin Iran, wadda aka kafa a 1259 ƙarƙashin Hulagu, sarkin Mongol. Shugabanta Nasiruddin Ɗusi ya kawo wata dabara mai ban sha'awa a littafinsa Tazkira. Ka zana babbar da'ira, ka sa ƙarama a cikinta wadda faɗinta rabin na babbar ne, suna taɓa juna. Ka bar babbar ta juya, ƙaramar kuma ta juya ta ɗaya gefen da ninkin saurin. Ɗigon da ke bakin ƙaramar ba zai zana da'ira ba, zai riƙa kai da kawowa a kan miƙaƙƙen layi, wato layin da ya raba babbar da'irar biyu. Ka gwada da takarda da fensir, za ka ga haka ne. Da wannan ana iya matso da tauraro ko a nisantar da shi ba tare da an karya ƙa'idar juyi bai ɗaya ba. Abokin aikinsa Mu'ayyaduddin Urdi, wanda ya rasu a 1266, ya kawo wata ƙa'ida da ke ba da damar maye gurbin ɗigon daidaito da wata 'yar ƙaramar da'ira.

Wanda ya kai aikin ƙarshe shi ne Ibn Shaɗir na Dimashƙa, wanda ya rasu a 1375. Muwaƙƙiti ne a masallacin Banu Umayya, wato mai lissafin lokutan salla. A littafinsa Nihayatus Su'ul ya sake gina tsarin kowane tauraro ba tare da ɗigon daidaito ba. Ya kuma gyara wani babban aibi a lissafin wata. A tsarin Baɗlamus nisan wata daga duniya yana canjawa har kusan ninki biyu, wanda da gaskiya ne da mun riƙa ganin wata yana kumbura har ya kusa ninka girmansa a wasu darare, abin da babu wanda ya taɓa gani. Ibn Shaɗir ya ɗora ƙaramar da'ira a kan wata ƙaramar, matsalar ta kau.

To, a 1957 wani mai bincike, Victor Roberts, ya wallafa cewa tsarin wata na Kofanikus, in ka cire ɗan bambancin alƙaluma, shi ne na Ibn Shaɗir. Binciken da E. S. Kennedy da wasu suka ci gaba da yi ya nuna abin bai tsaya ga wata ba. A ɗan littafin farko da Kofanikus ya raba wa abokansa da rubutun hannu kafin 1514, tsarin taurarin nan na Ibn Shaɗir ne aka juya shi rana ta koma tsakiya. Dabarar Ɗusi tana cikin babban littafin Kofanikus, dabarar Urdi ma haka. A 1973 Willy Hartner ya lura cewa haruffan da ke jikin zanen Kofanikus na dabarar Ɗusi suna bin na Larabcin kusan ɗaya bayan ɗaya, inda Ɗusi ya sa alif shi ya sa A, inda ya sa ba shi ya sa B. Noel Swerdlow kuma ya nuna cewa bayanin da Kofanikus ya yi wa tsarin Uɗaridu a ɗan littafin farko bai dace da yadda tsarin yake aiki ba, alamar mutumin da ya karɓi abu bai gama fahimtarsa ba tukuna. Ni wannan hujja ta ƙarshe ta fi gamsar da ni fiye da ta haruffa, domin wanda ya ƙirƙiri abu da kansa ba ya kuskure wajen faɗin amfanin sassansa.

Akwai masana da ke ganin mutum biyu masu fama da matsala ɗaya, da kayan aiki iri ɗaya, za su iya isa mafita ɗaya ba tare da sun san juna ba, suna kuma kafa hujja da cewa har yau ba a samu fassarar littafin Ibn Shaɗir zuwa Latin ta wancan zamani ba. Maganarsu ba ta banza ba ce. Amma hanyoyin da ilimin zai bi ya isa Italiya suna nan. A ɗakin karatu na fadar Fafaroma akwai wani rubutun hannu na Girkanci mai ɗauke da zanen dabarar Ɗusi, daga aikin Gregory Chioniades, Bagirken da ya je Tabriz ta Iran ya yi karatun falaki a ƙarshen ƙarni na 13. Kofanikus kuwa ya iya Girkanci, har ya fassara littafi daga gare shi ya buga a 1509. Akwai kuma wani malami Bayahude, Musa Galeano, wanda ya san aikin Ibn Shaɗir, ya kuma yi zirga-zirga tsakanin daular Usmaniyya da yankin Venice wajen shekara ta 1500, daidai lokacin da Kofanikus ke Padua, wadda ke ƙarƙashin Venice. Zanen lissafi ba ya buƙatar a fassara littafi dukansa kafin ya yi tafiya, shafi ɗaya ya isa.

Kalmar sata dai ta yi nauyi, ga dalilina. Kofanikus bai ɓoye sunayen malaman ƙasashen Musulmi da ya sani ba. Ya ambaci Battani sau da dama yana dogara da awonsa na tsawon shekara, ya ambaci Zarƙali na Andalus, da Sabit bin Ƙurra Basabi'en Bagadaza, da Ibn Rushd, da Biɗruji. Waɗannan an fassara su zuwa Latin tun tuni, sunayensu sanannu ne a jami'o'in Turai. Na Maraga da Dimashƙa ba su samu wannan gata ba, don haka abin da ya fi kusa shi ne zane ko bayani ya iso masa babu sunan mai shi. Al'adar ambaton majiya ma ba ta yi tsauri ba a lokacin. Bagirke Aristakus, wanda ya ce duniya na kewaya rana tun ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), Kofanikus ya rubuta ra'ayinsa a daftari sannan ya soke wurin kafin a buga. Inda laifi yake, a ganina, shi ne littattafan makaranta da har yanzu suke tsallakewa daga Baɗlamus zuwa Kofanikus kamar shekaru 1,400 ɗin da ke tsakani kowa barci ya yi.

Sai dai masu cewa duk abin na Musulmi ne su ma suna tsallake wani abu. Ɗusi da Urdi da Ibn Shaɗir duk duniya suka bari a tsakiya, a tsaye cik. An tattauna yiwuwar duniya na juyawa a kan kanta, Biruni ya taɓo batun, Ali Ƙushji wanda ya rasu a Istanbul a 1474 ya yi nisa a ciki. Amma juyawa a wuri ɗaya daban, tafiya kewaye da rana daban.

Me wannan tafiya ta haifar? A tsarin Baɗlamus kowane tauraro gashin kansa yake ci. Za ka iya ƙara girman da'irorin Mushtari ninki goma ko ka rage su, muddin ka kiyaye gwargwadon ƙarama da babba, hasashen ba zai canja ba. Saboda haka babu hanyar sanin ainihin jeri ko nisa daga lissafin kansa, shi ya sa aka daɗe ana gardama a kan ko Zuhura tana ƙasa da rana ko sama da ita. Kuma a tsarin kowane tauraro akwai wani juyi mai tsawon shekara guda cif, ɗaure da rana, wanda babu mai iya faɗin dalilinsa. Kofanikus ya ce wannan juyi na shekara ba na taurarin ba ne, namu ne muke gani a jikinsu. In kana cikin mota kuka zo wuce wata babbar mota da ke tafiya a hankali, akwai ɗan lokacin da za ka ga kamar baya take yi, alhali gaba ku duka kuke. Haka duniya ke wuce Mirrihu duk wata 26, kuma tunda a lokacin ne muka fi kusa da shi, dole ya fi haske. Abin da a da sai an ɗora shi da hannu, yanzu ya fito da kansa.

Ga lissafi ɗaya da za ka iya yi yanzu. Zara ba ta taɓa nisantar rana fiye da kimanin digiri 46 ko 47, shi ya sa ba ka ganinta sai bayan magariba ko da asuba. Idan tana kewaya rana a cikin da'irar da ke cikin tamu, to a ranar da ta fi nisa layin da ya taso daga idonka zuwa gare ta yana shafar gefen da'irarta ne kawai, wato duniya da Zara da rana sun yi alwatika mai kusurwa 90 a wurin Zara. Nisanta daga rana, in aka auna da namu, shi ne sin 46°, wato kusan 0.72. Da irin wannan hanya Kofanikus ya samu Uɗaridu kusan 0.38, Mirrihu 1.52, Mushtari 5.2, Zuhalu ɗan sama da 9. Alƙaluman yau su ne 0.39, 0.72, 1.52, 5.20 da 9.5. Jerin kuma ya zo daidai da tsawon zagaye: Uɗaridu wata 3 ba 'yan kwanaki, duniya shekara 1, Mirrihu kusan 2, Mushtari 12, Zuhalu 30. Duk wanda ya fi nisa ya fi jinkiri, ba za ka iya taɓa ɗaya ba tare da ka rusa sauran ba. A gabatarwar littafinsa ya kwatanta aikin magabata da mai zanen da ya tattaro hannu da ƙafa da kai daga mutane daban-daban, kowanne kyakkyawa, amma da aka haɗa sai dodo ya fito. Wannan haɗin jiki ɗaya shi ne abin da ya kawo.

Kada ka ɗauka kuma ya zo da hujjar da ta rufe bakin kowa. Tsarinsa cike yake da ƙananan da'irori, tsakiyarsa ma ba rana ba ce daidai, wani ɗigo ne kusa da ita. Jadawalin taurari da Erasmus Reinhold ya fitar daga lissafinsa a 1551 bai fi tsofaffin jadawalai daidaito da wani abin a zo a gani ba. Masu sukarsa suna da tambayoyi na hankali. In duniya na gudu, me ya sa dutsen da aka jefa sama yake dawowa inda aka jefa shi? In muna canja wuri tsakanin rani da damina, me ya sa taurarin nesa ba sa ɗan gusawa? Ya amsa ta biyun da cewa nisansu ya wuce misali, kuma ya yi daidai, amma sai a 1838 Friedrich Bessel ya iya auna wannan gusawa. Tycho Brahe, wanda ya fi kowa iya awo a ƙarni na 16, ya yaba lissafin ya ƙi yarda duniya na motsi.

Kofanikus ya riƙe aikinsa kusan shekara 30 bai buga ba. Ba coci ce ta hana shi ba. A 1533 an yi wa Fafaroma Clement na 7 bayanin ra'ayin a Rum, a 1536 kuma Kadinal Schönberg ya rubuto yana roƙonsa ya fitar da aikin. Shi da kansa ya ce dariyar jama'a yake gudu. Wanda ya ciwo kansa wani saurayi ne malamin lissafi daga Wittenberg, Rheticus, ɗan ɗarikar Luther, wanda ya zo wurinsa a 1539 ya zauna fiye da shekara biyu, ya fara fitar da taƙaitaccen bayani a 1540. Babban littafin, De revolutionibus, mai kashi shida, ya fito a Nuremberg a 1543 da sadaukarwa ga Fafaroma Paul na 3. Andreas Osiander, wanda ya kula da bugun, ya cusa wata gabatarwa marar sa hannu yana cewa duk wannan dabarar lissafi ce kawai, ba lallai ta zama gaskiya ba, abin da ya saɓa wa matsayin marubucin. Kofanikus na kwance da shanyewar ɓarin jiki a lokacin, ya rasu ranar 24 ga Mayu, 1543, kuma abokinsa Bishop Tiedemann Giese ya ruwaito cewa a ranar rasuwar ne aka kawo masa littafin ya gan shi. Ba a ɗaure shi ba, ba a gurfanar da shi ba. Sai a 1616, shekara 73 bayan rasuwarsa, lokacin rikicin coci da masanin falaki Galileo, aka dakatar da littafin har sai an yi masa gyara.

Owen Gingerich, wanda ya bi sawun kwafe kusan 600 na bugu na farko da na biyu, ya tarar masu karatun ƙarni na 16 sun fi cika gefen shafuka da rubutu a sassan lissafi, inda aka kawar da ɗigon daidaito, suna wuce batun rana a tsakiya kusan ba sharhi. Wato ɓangaren da ya haɗa shi da Maraga da Dimashƙa shi ne ya fara burge mutanen zamaninsa. Wannan ɓangare kuwa bai daɗe ba. A 1609 masanin falaki Kepler, da awon Tycho a hannunsa, ya nuna Mirrihu ba da'ira yake bi ba, hanyarsa da'ira ce da aka ɗan matse, yana sauri in ya kusanci rana yana jinkiri in ya nisance ta. Daga nan dabarar Ɗusi da ta Urdi da ƙananan da'irorin Kofanikus duk suka rasa aiki a lissafin taurari. Ɗigon daidaito kuma, wanda aka shafe ƙarni biyar ana neman hanyar rabuwa da shi tun daga Ibn Haisam, ya zamana kusan daidai yake da ƙa'idar Kepler ta sauri da jinkiri, domin matsattsiyar da'ira cibiya biyu gare ta, rana na kan ɗaya, shi kuma ɗigon yana zaune kusa da ta biyu.